An cire mini matsarmama ina da shekara 73

Ni tsohon malamin makaranta ne, mutumin Malumfashi a jihar Katsina. Na ajiye aiki a 2010 ina hedimasta, kuma a 2023, ina da shekara 73, aka yi mini tiyata aka cire mini matsarmama saboda tsakuwa. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan labari shi ne yawan sa'o'ina, maza da mata, da nake ji an ce an ga tsakuwa a cikinsu, likita ya ce a yi aiki, dangi suka ce ina, tsoho ba ya ɗaukar wuƙa. Wannan magana ni ma an faɗa mini ita, na kuma ɗauka. Ga yadda abin ya kasance.

Ciwon ya daɗe tare da ni kafin a san sunansa. Da dare yake zuwa, galibi idan na ci abu mai maiƙo, masar da ta sha mai, ko miyar gyaɗa, ko balangu idan yara suka sayo. Sai in ji wani abu ya riƙe ni a ƙahon zuciya, ya gangara ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, daga nan ya harba baya har allon kafaɗa. Ba irin murɗar cikin nan ba ce mai zuwa tana lafawa. Riƙo ɗaya yake yi, ba sassauci. In kwanta ba daɗi, in zauna ba daɗi, sai in fito tsakar gida ina kai da kawowa, gumi na zuba ko da lokacin hunturu ne. Wani lokaci in yi amai. Bayan awa ɗaya, ko biyu, ko uku, sai ya sake ni kamar ba a yi ba, in wayi gari da gajiya kawai.

Kowa ya ce olsa ce. A garinmu duk ciwon da ya tsaya tsakanin ƙirji da cibiya olsa ne, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma taifod ne. Yaron kemis ɗin unguwarmu ya riƙa ba ni ƙwayar olsa da farin maganin nan mai kauri da ake girgizawa. In sha, bayan wani lokaci ciwo ya tafi, mu ce magani ya yi. Ashe ciwon da kansa yake tafiya, ko na sha ko ban sha ba. Shekaru muka yi a haka.

Ina da 'ya da ke aikin nas a Kano. Ita ce ta zo ganin gida a 2021, ciwon ya tashi a gabanta. Ta tsaya tana kallon inda nake dafewa, ta ce, "Baba, wannan ba olsa ba ce. Gobe kada ka karya kumallo, za mu je a yi sikanin." Rashin cin abincin yana da dalili, sai ciki ba komai matsarmama ke cika ta fito sosai a hoto. Mai hoton ya shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi, ya ɗora na'urarsa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce in ja numfashi in riƙe. Sai ya juyo da allon ya nuna mini wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikin wata baƙar jaka, kowanne da inuwa ta miƙe a bayansa. Ya ce, "Baba, ga su nan."

Duk wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya san matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake lallaɓawa a yanke a yar don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Da ita likitan ya yi mini bayani. Ya ce ba jakar ce ke yin ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yinsa dare da rana, fiye da rabin lita a yini. Aikin jakar ajiya ne kawai. Idan mutum ya ci abu mai mai, sai ta matse ta tura ruwan ta wata siririyar hanya zuwa hanji don a narkar da man. Idan ruwan ya yi kauri, sai ya fara daskarewa ya zama tsakuwa, mafi yawanci daga kitsen jini da ake kira kwalastaral. Masu sikila kuma tasu baƙa ce, daga yawan fashewar ƙwayoyin jini take samuwa, shi ya sa su tun suna yara ake ganinta. Ya ce ta fi kama mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu ƙiba, da masu ciwon suga, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Ni ina da shekarun, ina kuma da suga da hawan jini. Ciwon da nake ji da dare, tsakuwa ce ke toshe bakin jakar tana matsewa, idan ta koma ciki sai ciwo ya tafi.

Ya ce, "Baba, tun da ta fara yi maka ciwo, da wuya ta daina. Shawarata a cire jakar gaba ɗaya yanzu da take kwance lafiya, ka zo da ƙafarka, mu shirya ka a tsanake." Na tambaye shi me zai hana a kwashe tsakuwar a bar mini jakata. Ya ce jakar da ta yi tsakuwa sau ɗaya za ta sake yi, kuma mutum na rayuwa lafiya ba ita, domin ruwan zai ci gaba da gangarowa daga hanta kai tsaye zuwa hanji.

Da labari ya iso gida, hankalin kowa ya tashi. Ƙanena ya zo takanas ya ce, "Yaya, a shekarun nan za ka ba su cikinka?" Ya kawo mini labarin wane da aka shiga da shi ɗakin tiyata bai fito ba, da wance da aka yi wa allurar barci ba ta farka ba. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, amma na ga idonta. Ni kaina allurar barcin nake tsoro fiye da wuƙar. Aka tsaya a kan in kiyaye abinci. Na bar soye-soye, na bar kitse, aka rage mai a miya. Ciwon ya ragu, amma bai tafi ba, kuma na rame.

A cikin wannan lokaci ne wani mai sayar da magunguna ya ce yana da abin da ke wanke tsakuwa a dare ɗaya, man zaitun rabin kofi da ruwan lemun tsami, a sha kafin a kwanta. Ba ni da ja da man zaitun, ko zuma, ko habbatus sauda, har gobe suna gidana ina amfani da su. Amma wannan haɗin ya ba ni dare mafi muni a duk waɗanda na yi a baya. Da safe na zagaya, sai ga wasu korayen dunƙule-dunƙule masu yawa sun fito. Gida ya ɗauki murna. Aka wanke wasu aka sa a kwalba, na kai wa likita da kaina. Ya sa safar hannu ya ɗauki ɗaya, ya murza tsakanin yatsu biyu, ta narke. Ya ce, "Baba, wannan man da ka sha ne ya haɗu da lemun tsami da ruwan hanji ya dunƙule. Tsakuwar gaske ba ta murzuwa haka." Aka sake sikanin, suna nan yadda suke. Ya ƙara da cewa mai da yawa haka a lokaci ɗaya yana sa jakar ta matse da ƙarfi, kuma tana iya tura tsakuwa inda za ta maƙale. Na tambaye shi ko asibiti ba su da ƙwayar narkarwa. Ya ce akwai, amma ƙananan tsakuwar kwalastaral kaɗai take taɓawa, sai an sha ta wata da watanni har zuwa shekara biyu, kuma da an daina, a jikin mutane da yawa tsakuwar dawowa take yi. Ya sake maimaita shawararsa ta farko. Na ce zan yi tunani.

Babbar Sallar 2023 ta faɗo a ƙarshen watan Yuni, damina ta kankama. Gida cike da 'ya'ya da jikoki, ana ta suya. Na ci hanta, na ci 'yan tsokoki da aka tsame daga mai. Daren nan ciwo ya zo, na ce zai tafi kamar yadda ya saba. Gari ya waye bai tafi ba. Wani daren ya zo bai tafi ba. Fitsarina ya koma ja-ja mai duhu, bayan gida kuma ya yi fari-fari, jikina ya hau ƙaiƙayi har tafin hannu. Jikata ce ta fara cewa, "Kaka, idonka ya yi ɗorawa." Daga nan sai rawar sanyi, irin wadda gado ke motsi, an lulluɓe ni da bargo biyu haƙorana na haɗuwa.

Abin da ya biyo baya ba na tuna shi, mai ɗakina ce ta ba ni labari. Ta ce na tashi na yi sallar magariba, na zauna kaɗan na sake tashi zan yi, na ce ban yi ba. Na riƙa kiran sunan yayana da ya rasu shekaru da yawa, ina cewa a buɗe masa ƙofa. Na tambaye ta me ya sa ba a kaɗa ƙararrawar shiga aji ba. Masu zuwa dubiya suka rabu. Wasu suka ce shawara ce, kuma shawara ba ta son allura, kada a kuskura a kai ni asibiti, a jiƙa mini rawaya da ganyen gwanda. Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce ta zo. Wata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Allah ya sa mai ɗakina ta buga wa 'yar tamu waya ta zayyana mata komai. Ta ce, "Umma, ku sa shi a mota yanzu. Kada ku jira safiya." A daren aka bi da ni ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano.

Wannan magana ta shawara ba ta son allura, ina roƙon duk mai karantawa ya sake dubanta. Ido ya yi ɗorawa alama ce kawai, abubuwa da yawa ke kawo ta. Nawa tsakuwa ce ta fice daga jakar ta gangara ta toshe babbar hanyar da ruwan ɗaci ke bi zuwa hanji. Ruwa ya taru ya koma cikin jini, shi ne ɗorawar da ƙaiƙayin. Ruwan da ya tsaya kuma ƙwayoyin cuta suka shiga suka yi yawa, suka fara bin jini, shi ne rawar sanyin. Babu jiƙon da zai buɗe hanyar da dutse ya toshe, kuma allurar da ake cewa kada a yi ita ce ta riƙe raina. Daga baya likitan ya gaya wa yarana cewa idan ciwon gefen dama da zazzaɓi da ɗorawar ido suka haɗu a jikin mutum ɗaya, maganar gaggawa ce. Idan ruɗewa da faɗuwar jini suka ƙaru a kai, to ana maganar awoyi ne. Ya kuma ce abin da ke ba su wahala da tsofaffi shi ne jikin tsoho ba ya faɗar ciwo da ƙarfi. Wani za a kawo shi ba zazzaɓin kirki, cikinsa ba ya ciwo sosai idan an danna, abin da iyali suka gani kawai shi ne ya daina cin abinci yana sambatu. Dattijon da jiya yake cikin hankalinsa, yau ya ruɗe farat ɗaya, ba tsufa ba ne. Tsufa ba ya zuwa a dare ɗaya.

Aka sa mini ƙarin ruwa, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka riƙa auna suga da fitsari. Da jinina ya ɗan daidaita sai suka ce dole a buɗe hanyar, kuma ba da wuƙa ba. Akwai wani aiki da suke kira ERCP. Ba kowane babban asibiti ke da kayansa da mai yinsa ba a ƙasar nan, sai da aka mayar da ni wani wuri, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne ga ɗan fansho. Yara suka haɗa abin da suke da shi, aka sayar da wata 'yar gona. Abin da nake tunawa shi ne an kwantar da ni a gefen hagu, kusan rub da ciki, an sa mini wata roba tsakanin haƙora, sai barci. Wata doguwar tiyo mai kyamara a baki suke turawa ta maƙogwaro, ta wuce tumbi, ta kai farkon hanji inda hanyar ruwan ɗaci ke buɗewa. A nan suke ɗan faɗaɗa bakin hanyar su jawo tsakuwar. 'Yata ta ce likitan ya gaya mata da tsakuwar ta fito, mugunya ce ta biyo bayanta. Sun gargaɗe mu tun farko cewa aikin kan tayar da kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke yin sinadarin daidaita suga, shi ya sa suka sa mini ido a daren. Allah ya kiyaye.

Sauƙin da ya biyo baya abin mamaki ne. Zazzaɓi ya sauka, hankalina ya dawo, na gane kowa. Fitsari ya fara washewa, ƙaiƙayi ya ragu, na nemi koko da kaina. Idon ne ya ɗauki makonni kafin ya koma fari. Dangi suka ce alhamdu lillahi, an cire tsakuwa ba a yanka shi ba, magana ta ƙare. Likitan tiyata ya ce tsugune ba ta ƙare ba. Ɗaya aka cire, wadda ta fito hanya. Sauran suna nan cikin jakar, kuma kowacce na iya bin sawun 'yar'uwarta.

Aka aika ni wurin likitan allurar barci, mutumin da na fi tsoro. Na zaci zai dubi shekaruna a kati ya yanke hukunci. Da ƙyar ya kalli katin. Tambayoyi ya yi ta yi. Baba, da ƙafa kake zuwa masallaci? Yaya nisansa? Kana tsayawa hutu a hanya? Idan ka hau bene hawa ɗaya, numfashi na yanke maka? Filo nawa kake sawa idan za ka kwanta? Ƙafafunka na kumbura? Kai kake yin wankanka, kai kake sa kayanka? Ka taɓa shan taba? Ya ce in matse masa hannu da ƙarfina. Ya ce in tashi daga kujera ba tare da na dafa ba, in je bakin ƙofa in dawo. Ya duba bakina da haƙorana. Sannan aka yi awon bugun zuciya, da hoton zuciya, da hoton ƙirji, da gwajin ƙoda, da gwajin sugan nan da ke nuna yadda yake a wata uku da suka wuce. Ya ce, "Baba, mu ba shekaru muke sa wa barci ba. Zuciya da huhu da ƙoda muke dubawa. Akwai ɗan shekara 55 da zan ji tsoron sa masa barci, akwai ɗan 80 da ba zan ji ba." Ya ce suga na ya ɗan hau, a gyara shi tukuna, a kuma bar jikina ya murmure.

Ranar da za a yanke shawara, 'ya'yana maza biyu da 'yar suka shiga tare da ni. Suka kama magana da likitan tiyata da Turanci, suna jayayya a kaina ina zaune. Babban yana cewa a bar shi haka tun da ya samu sauƙi, 'yar tana cewa a yi. Ina jin duk abin da suke faɗa, amma ba wanda ya waiwayo ni. Likitan ne ya ɗaga musu hannu, ya jawo kujerarsa ya fuskance ni, ya koma Hausa. Ya ce, "Baba, cikinka ne. Bari in gaya maka abin da ke kowace hanya, kai za ka zaɓa." Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tiyata na da haɗari, ana iya zubar da jini, ana iya taɓa babbar hanyar ruwan ɗaci ko da yake ba kasafai ba, tsoho na iya samun ciwon huhu ko daskarewar jini a ƙafa ko ruɗewa bayan aiki. Barinta ma na da haɗari, domin abin da ya kawo ni a daren Sallah na iya dawowa, kuma zai same ni na ƙara tsufa, wataƙila ina nesa da asibiti. Aikin da aka shirya shi da rana tsaka, an gyara suga da jini, ba ɗaya yake da wanda aka yi da tsakar dare a kan mutumin da cuta ta riga ta bi jininsa ba.

Na tambaye shi waɗanda jikinsu ba zai ɗauki aiki ba fa. Ya ce su akan sa musu 'yar siririyar roba ta fata zuwa cikin jakar, ta riƙa zubar da ruwan da ya ruɓe a wata leda, ta ceci rai. Amma ba ita ce ta fi sauƙi ba kamar yadda mutane ke zato. 'Yata ta karanta mini wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2018, inda aka raba marasa lafiya 142 masu kumburin matsarmama, waɗanda ake ganin aiki na da haɗari a kansu, gida biyu. Waɗanda aka yi wa tiyata, 12 cikin 100 ne suka samu babbar matsala daga baya. Waɗanda aka sa wa roba, 65 cikin 100. Aikin kansa kuma ba sabo ba ne, tun 1882 wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, ya fara cire matsarmama a birnin Balin, kuma tun 1985 aka fara yinsa ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba.

Na ce su ba ni lokaci. Na yi istihara. Na kira babban ɗana na gaya masa bashin da ake bina da wanda nake bi, da inda takardun gida suke, abin da ya kamata kowane musulmi ya yi ko da lafiyarsa ƙalau. Sannan na ce a yi. Na ji daɗi ƙwarai da aka bar ni na faɗi wannan da bakina. Muna da wata ɗabi'a ta ɓoye wa tsoho ciwonsa don tausayi, a yi ta ƙus-ƙus a bayan labule, a sa hannu a madadinsa. Tausayi ne, na sani, amma tsohon da ke cikin hankalinsa ya fi kowa sanin abin da zai iya ɗauka.

Aka tsayar mini da asfirin ɗin da nake sha wasu kwanaki kafin aiki, aka gaya mini maganin hawan jinin da zan sha da safiyar ranar da wanda zan bari, aka hana ni abinci tun dare. Na sa hannu a takardar da ta ce idan aiki ta huji ya gagara, za a tsaga. Ɗakin sanyi gare shi sosai. Likitan barcin ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, yi addu'arka, ina nan tare da kai har ka farka." Ina cikin karanta Ayatul Kursiyyu ban kai ƙarshe ba. Abu na gaba da na ji shi ne muryar wata nas tana cewa, "Baba, sannu, an gama."

Huji huɗu suka yi, ɗaya a cibiya, ɗaya a ƙahon zuciya, biyu a gefen dama. Ta nan suke hura iska ciki ya ɗaga, su sa kyamara da dogayen kayan aiki, su ɗaure 'yar hanyar jakar da jijiyar jininta, su ɓanɓare ta daga hanta su zaro ta. Likitan ya ce nawa ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya so, domin kumburin da ta yi ta yi shekara da shekaru ya sa ta yi kauri ta manne da abin da ke kewaye da ita, har ya kusa tsagawa. Ya ce da a 2021 ne, da aikin ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Aka kawo mini tsakuwar a 'yar kwalba. Launinsu ruwan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa, manyan sun kai gyaɗa, ƙananan kamar dawa, kuma gefensu a goge yake da kusurwa-kusurwa saboda gugar juna. Na girgiza kwalbar na ji suna ƙara.

Abin da ya fi damuna bayan aiki ba hujin ba ne, kafaɗar dama ce, ciwo kamar an doke ni. Suka ce ragowar iskar da aka hura ce, za ta tafi, ta kuwa tafi. Sai fitsari da ya ƙi fita a daren farko, abin da suka ce yakan faru da dattawa maza bayan allurar barci, aka sa mini roba na ɗan lokaci. Nas ɗin ɗakin ba ta bar ni na kwanta yadda nake so ba. Tun yammacin ranar ta ce, "Baba, tashi za ka yi." Mai ɗakina ta ce, "Haba 'yar nan, yau fa aka yi masa aiki." Ta ce, "Mama, kwanciyar ce ke kashe tsofaffi, ba tashin ba." Ta zaunar da ni a bakin gado, ta tsayar da ni, muka taka zuwa ƙofa. Ta koya mini in rungume filo a ciki in yi tari, in riƙa jan dogon numfashi duk bayan ɗan lokaci don huhu ya buɗe. Salla a zaune na yi ta yi har sai da ruku'u ya daina ja mini ciki. Ba a daɗe ba aka sallame ni, da sharaɗin kada in ɗauki abu mai nauyi na wasu makonni.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga wajen Ɗambatta, shi da ledar roba a gefensa, zuciyarsa ba za ta ɗauki barci ba. Muna hira da dare ya ce shi ma shekaru ya yi yana shan maganin olsa. A can ƙarshen ɗakin kuma wani saurayi mai sikila, shi ma matsarmamar aka cire masa.

Da na koma gida, na yi wasu makonni bayan gida na yi mini ruwa-ruwa, musamman idan miya ta yi mai. Suka ce hanji ne bai saba da ruwan ɗaci na zubo masa a kai a kai ba, zai saba. Ya saba. Yanzu ina cin abin da iyali ke ci, sai dai ba na cika ciki da maiƙo a zama ɗaya, kuma suga ma bai yarda da hakan ba. Ƙibar da na rasa ta dawo daidai gwargwado. Azumin 2024 na tambayi likitan suga, ya gyara mini lokutan shan magani, na yi shi cikakke.

Ba cewa nake duk tsohon da aka ga tsakuwa a cikinsa a kai shi ɗakin tiyata ba. Mafi yawan masu ita ba su ma san suna da ita ba, kuma ba za ta taɓa damunsu ba. Akwai abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, an je duba masa mafitsara aka ga tsakuwa a matsarmama, bai taɓa jin ciwonta ba ko sau ɗaya. Likita ya ce a bar ta, ya dai gaya masa alamomin da in ya gani ya taho da sauri. Yana nan lafiya. Wadda ta fara ciwo ita ce abin magana.

Kwanakin baya ɗan maƙwabciyarmu ya shigo gaishe ni, ya ce tsohuwarsa na fama da olsa da dare, ciwon har bayanta yake zuwa. Na tambaye shi wane gefe, ya nuna dama. Na ce su je sikanin ba ta karya ba. An ga tsakuwa. Ta aiko a tambaye ni ko da zafi, na je da kaina har ɗakinta na zauna daga bakin ƙofa, na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, har da kafaɗar da robar fitsarin. Ta ce a yi. Likitan barci ya duba ta ya ce jininta ya hau da yawa, ya canja mata magani, ya ba ta wata guda ta dawo a sake aunawa kafin a sa rana.